An Ga Antibodin Ciwon Sukari a Jinin 'Yata Mai Cutar Siliyak: Za Ta Kamu Ke Nan?

Tambaya: 'Yata shekararta shida. Wata takwas da suka wuce aka tabbatar tana da cutar siliyak, tun daga ranar muka raba ta da duk abin da ke da alkama, kuma alhamdu lillahi cikinta ya lafa, har ta fara yin kumari. A gwajin jinin da aka yi mata kwanan nan an ga wani abu mai suna GAD ya ɗan haura. Likita ya ce yana da alaƙa da ciwon sukari, amma sukarin jininta daidai yake. Shin za ta kamu ke nan? Idan muka ƙara tsananta kiyaye abincinta, abin zai tafi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Bari in fara da abin da ya fi hana ki barci. Yarinyar da aka ga GAD shi kaɗai a jininta, ya ɗan haura, sukarinta kuma daidai, ba ta da ciwon sukari, kuma mafi yawan yaran da ke cikin wannan hali ba sa kamuwa ko bayan shekara goma. Sai dai takardar ba ta jefarwa ba ce, akwai gwajin da ya kamata ya biyo bayanta. Game da abinci kuwa, ki ci gaba da kiyayewa yadda kike yi saboda hanjinta, tunda siliyak cuta ce da garkuwar jiki ke ɓata hanji idan an ci alkama, amma kada ki ɗora wa abincin aikin kare ta daga ciwon sukari. Zan yi miki bayanin dalili.

Ciwon sukarin da ake magana a nan shi ne nau'i na 1, wanda ya fi kama yara, kuma ba shan zaƙi ko ƙiba ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce take juyowa kan ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, tana cinye su sannu a hankali, wani lokaci tsawon shekaru, yaro yana wasansa babu wanda ya san ana ɓarna. Masu yin ɓarnar su ne ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Antibodin da ake aunawa a jini, wato furotin ɗin da garkuwa ke ƙerawa a kan abin da ta ɗauka baƙo, sawu ne kawai: ba shi ya yi ta'adin ba, amma yana nuna wani ya bi ta wurin. Guda huɗu ake nema a yau: na insulin kansa, wanda ake rubutawa IAA, sai na GAD, sai na IA-2, sai na ZnT8, waɗanda su ma sinadarai ne na cikin waɗancan ƙwayoyin fankiriyas. A 1974 ne Gian Franco Bottazzo da abokan aikinsa a Landan suka fara ganin irin wannan antibodi, shi kuwa ZnT8 sai a 2007 aka gano shi. Saboda haka idan GAD kaɗai aka auna wa 'yarki, ɗaya cikin huɗu aka duba.

Me ya haɗa hanji da fankiriyas har ake ganin wannan a yara masu siliyak? Gado ne. A jikin ƙwayoyin garkuwa akwai wani sinadari da ake kira HLA, aikinsa ya riƙo ɗan guntun furotin ya nuna wa ƙwayoyin T, su kuma su yanke hukunci ko na gida ne ko baƙo. Kowane mutum da irin HLA ɗin da ya gada daga uwa da uba. Kusan duk mai cutar siliyak yana ɗauke da nau'in DQ2 ko DQ8, kimanin tara cikin goma DQ2 ne, sauran galibi DQ8. Waɗannan biyun suna da wata siffa da ke sa su riƙe guntayen gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama, gam, musamman bayan wani sinadari na bangon hanji mai suna tTG ya ɗan sauya guntayen. Shi ya sa antibodin tTG ne aka auna wa 'yarki lokacin da ake neman tabbatar da cutar. To waɗannan DQ2 da DQ8 ɗin dai su ne kan gaba wajen haɗarin ciwon sukari nau'i na 1, domin suna iya riƙo guntun insulin ko na GAD su nuna shi kamar baƙo. Wani bincike da aka buga a 2008 ya ƙara gano wasu ƙwayoyin gadon, irin su CTLA4 da SH2B3, da cututtukan biyu suka yi tarayya a kansu.

Amma tarayyar ba ta kai ɗaya bisa ɗaya ba, kuma wannan yana da amfani a gare ki. Wanda ya fi kowa haɗarin siliyak shi ne wanda ya gaji DQ2 daga ɓangarori biyu. Wanda ya fi kowa haɗarin ciwon sukari shi ne wanda ya gaji DQ2 daga ɗaya, DQ8 daga ɗayan. Haka kuma an lura yara masu DQ8 sun fi farawa da antibodin insulin tun suna tsakanin shekara ɗaya da biyu, masu DQ2 kuwa sun fi farawa da GAD, kuma yakan zo a makare, tafiyarsa ma ta fi yin jinkiri. Tunda yawancin masu siliyak DQ2 gare su, ban yi mamakin jin cewa GAD aka gani a jikin 'yarki ba. A sani kuma, mutum uku zuwa huɗu cikin goma a al'ummomin Turai suna ɗauke da DQ2 ko DQ8, kuma mafi yawansu har su tsufa ba su ga ko ɗaya daga cikin cututtukan ba. Gadon yana buɗe ƙofa ne, ba ya tilasta shiga.

A ƙasar Suwidin an bi rajistar yara sama da 9,000 masu siliyak, aka buga sakamakon a 2006. Haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari nau'i na 1 kafin shekara ashirin ya ninka na sauran yara sau 2.4. Jin "ninki biyu da rabi" yana tayar da hankali, amma abin da aka ninka ƙarami ne tun asali, don haka waɗanda suka kamu ba su wuce kimanin ɗaya cikin ɗari ba. Ta ɗaya ɓangaren abin ya fi yawa: a cikin masu ciwon sukari nau'i na 1, kimanin shida cikin ɗari ake samu da siliyak, shi ya sa ake gwada su tun farkon kamuwa a kuma maimaita bayan shekaru. Babban binciken nan na TEDDY, wanda tun 2004 yake bin yara 8,676 masu gadon haɗari a Amurka da Finlan da Jamus da Suwidin tun daga haihuwa, ya nuna cewa inda abubuwan biyu suka haɗu a jikin yaro ɗaya, galibi antibodin ciwon sukari ne yake riga na siliyak bayyana. Yana iya yiwuwa ke nan GAD ɗin 'yarki ya daɗe a jininta tun kafin a gano cutar hanjin, yanzu ne kawai aka duba.

Yanzu ga lissafin da nake so ki riƙe, domin duk shawarar da za a yanke a kansa take tsaye. A 2013 Anette Ziegler da abokan aikinta sun haɗa bayanan yara sama da 13,000 daga jihar Kolorado ta Amurka da Finlan da Jamus. Yaran da aka tabbatar suna da antibodi biyu ko fiye, kusan 70 cikin ɗari sun kamu cikin shekara goma, kuma adadin ya ci gaba da hawa bayan nan. Masu guda ɗaya tak, kimanin 15 cikin ɗari. Waɗanda ba su da ko ɗaya, ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Kin ga tazarar da ke tsakanin ɗaya da biyu. Kuma ko waɗancan 15 ɗin, yawanci ba daga guda ɗaya suke tsallakawa zuwa ciwo ba, sai na biyu ya fito tukuna, abin da ya fi faruwa a cikin shekara biyun farko kuma a ƙananan yara. Ki lura kuma da cewa waɗancan yara an zaɓo su ne saboda gadon haɗari ko saboda akwai mai ciwon a gidansu, kuma antibodinsu an tabbatar da shi fiye da sau ɗaya. Na 'yarki sau ɗaya aka gani.

Wannan "ya ɗan haura" da kika ce shi ne wurin da na fi tsayawa. Ki ɗauko takardar ki duba. Za ki ga lamba, a gefenta kuma akwai iyakar da ɗakin gwajin ya sa. Ana tsayar da wannan iyaka ne ta yadda kusan duk lafiyayyun mutane za su faɗo ƙasa da ita, amma ɗaya ko biyu cikin ɗari za su haura ba tare da wata cuta ba. Lambar da ta wuce iyaka da ƙyar daban take da wadda ta ninka iyakar sau goma. GAD kuma shi ya fi sauran yawan yin irin wannan, har a jikin masu matsalar garkuwa ta tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, ana ganinsa. Shi ya sa ba a kiran yaro mai antibodi sai an sake ɗibar jini karo na biyu, cikin wata uku, an sake gani, zai fi kyau ma a wani ɗakin gwaji da ya ƙware a wannan aiki. A wannan ɗiba ta biyun ki roƙi a auna duka huɗun.

Sai batun abinci. Tambayarki tana da tushe, domin likitoci ma sun yi wannan fata. A shekarar 2000 Alessandro Ventura da abokan aikinsa a Italiya sun buga bincike a kan masu siliyak 90. Kimanin 11 cikin ɗari suna da antibodin ciwon sukari lokacin da aka gano cutarsu, kuma bayan shekara biyu da barin gulutin antibodin ya ɓace. Labari ne mai daɗi, kuma tunanin da ke bayansa ba shirme ba ne: hanjin da ya kumbura yana barin abubuwa su tsallaka cikin jiki, garkuwa tana zama a harzuƙe, idan aka kwantar da hanjin wataƙila ita ma ta kwanta. Amma da aka gwada abin kai tsaye bai tsaya ba. An cire gulutin daga abincin dangi na kusa na masu ciwon sukari waɗanda suke da antibodi, wasu wata shida, wasu shekara guda, antibodin bai ragu ba. A Jamus, a binciken BABYDIET da aka buga a 2011, an jinkirta ba wa jarirai masu haɗari gulutin har zuwa wata goma sha biyu maimakon shida, haɗarin bai sauya ba. Sannan TEDDY ya kawo wani bayanin da a ganina ya fi dacewa da abin da Ventura ya gani: kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yara masu antibodi guda ɗaya, yakan ɓace da kansa ba tare da an taɓa abincinsu ba, alhali a masu biyu ko fiye bai kai ɗaya cikin ɗari ba da hakan ke faruwa.

Don haka idan GAD ɗinta ya ɓace, madalla, mu gode wa Allah. Idan bai ɓace ba, ko na biyu ya fito, ba don wani ɓurɓushin burodi ya kuɓuce miki ba ne. Ina nanata wannan ne saboda iyaye mata suna ɗaukar laifin da ba nasu ba, wasu har su shiga hana yaro duk wani abu mai zaƙi ko sitaci, a ƙara masa ƙunci a kan wanda yake ciki. Yarinyar da hanjinta ke warkewa tana bukatar ta ci ta ƙoshi, ta rama girman da ya wuce ta. Hana alkama da sha'ir da hatsin rai ya isa, kuma dalilansa na kansa suna da ƙarfi: tsayinta, ƙarfin ƙashinta, jininta, balagarta a kan lokaci. Idan kuma aka ƙaddara ciwon sukari ya zo wata rana, hanjin da ya warke yana tsotsar abinci daidai, kuma hakan yana sauƙaƙa daidaita insulin ƙwarai.

Abin da zai biyo bayan gwaji na biyu ya danganta da abin da aka gani. In bai nuna komai ba, sai a koma kula da siliyak kamar kullum, a riƙe alamomin da zan faɗa a ƙasa. In GAD ɗin ya tabbata shi kaɗai, jagorar da ƙwararru na ƙasashe da dama suka fitar a 2024 ta ce yaron da ya wuce shekara uku a riƙa maimaita masa gwajin antibodi tare da duba sukari sau ɗaya a shekara har shekara uku, in babu abin da ya ƙaru a iya dakatawa. Ana iya haɗa shi da ɗibar jinin da dama ake yi mata don bin tTG, ba sai an ƙara mata wata allura ba. In kuwa aka ga biyu ko fiye, magana ta sauya. Tun 2015 ake ɗaukar wannan a matsayin mataki na 1 na ciwon kansa ko da sukari daidai yake. Mataki na 2 shi ne lokacin da sukari ya fara karkacewa babu alama, misali na azumi, wato wanda aka auna kafin a ci komai, tsakanin 100 da 125 a ma'aunin mg/dL, ko HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, tsakanin 5.7 da 6.4. Mataki na 3 shi ne ciwon da kowa ya sani. A nan sai a haɗa ku da likitan yara masanin ciwon sukari, kuma a shekarunta ana dubawa duk wata shida.

Akwai wani abu game da HbA1c da ya shafi masu siliyak musamman, kuma ana yawan mantawa da shi. Gwajin yana dogara ne da jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya zama ruwan dare a masu siliyak, yana iya ɗaga lambar fiye da gaskiya, cututtukan da ke fasa jajayen ƙwayoyi da wuri kuma suna saukar da ita. Idan jininta bai gama dawowa ba, a haɗa da auna sukarin kai tsaye, ko gwajin da ake ba da ruwan gulukos a sha a auna bayan awa biyu.

Kina iya tambaya, tunda ba a iya hana ciwon, mene ne amfanin sani? Babban amfaninsa shi ne yadda ciwon zai same ku in ya zo. A ƙasashe da yawa, yaro ɗaya cikin uku ko fiye ba a gane yana da ciwon sukari sai jininsa ya yi tsami saboda rashin insulin, an kawo shi asibiti a galabaice, kuma wannan hali yana kisa. A jihar Bavariya ta Jamus an gwada yara 90,632 'yan shekara biyu zuwa biyar a shirin Fr1da, aka sami 280 masu antibodi biyu ko fiye, aka koya wa iyayensu alamomi aka riƙa binsu. Cikin 62 da ciwon ya bayyana a jikinsu, biyu kacal suka kai ga wannan tsamin jini. Bambancin duka daga ido ne da sani. Ki lura da yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun da daɗewa sai kuma ta dawo yi, ko take tashi sau biyu sau uku cikin dare, ta shanye kofin ruwa ta miƙo a ƙara, tana ci amma wuyan rigarta yana ƙara yi mata yawa, ta dawo makaranta ta zube ba ta son wasa. A mai siliyak akwai tarko a nan: rama da ciwon ciki da amai, kowa zai ce ai alkama ta ci a ɓoye. Kada ki tsaya a wannan zato. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa, cikin daƙiƙu kaɗan, ya raba gardama, kuma lambar sukari da ta kai 200 mg/dL tare da waɗannan alamomi ta isa a tafi asibiti a ranar. Idan kuma tana numfashi mai zurfi da sauri, bakinta yana wari irin na maganin goge farce, ko tana gyangyaɗi ba ta amsawa sosai, ko tsakar dare ne a tafi.

Akwai kuma magani ɗaya da ya fito. A Nuwamba 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da teplizumab ga 'yan shekara takwas zuwa sama da ke mataki na 2. Ana ba da shi ta jijiya kwana 14 a jere, kuma a gwajin da aka yi da mutum 76 ya jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu. Jinkiri ne, bai warkar ba, yana da tsada matuƙa, kuma ba na mai antibodi guda ɗaya ba ne. Na ambace shi ne don kada wani ya kawo miki labarinsa a gurguje ki ɗauka ana hana 'yarki wani abu.

Ko ya kamata a riƙa yi wa duk yaro mai siliyak wannan gwaji? Likitoci ba su zama baki ɗaya ba. Italiya ta kafa doka a 2023 ta gwada yara don cututtukan biyu tare, a Kolorado ma shirin ASK yana haɗa su a ɗiba ɗaya. Ni ina ganin gwajin yana da kyau ga mai siliyak, musamman in akwai mai ciwon sukari nau'i na 1 a cikin iyaye ko 'yan uwa, amma da sharaɗi: a auna duka huɗun, a tabbatar kafin a faɗa wa iyaye wani abu mai nauyi, kuma a zauna da su a yi musu bayani. Miƙa wa uwa takarda mai GAD guda ɗaya tare da kalmar "ciwon sukari" a bar ta ta tafi gida da ita bai wadatar ba, kuma damuwar da hakan ke jawowa ita ma cuta ce da ya kamata a lissafa.

Idan kin koma wurin likitanta, ki tambayi nawa lambar GAD ɗin ta wuce iyaka, ko an auna sauran ukun, da ranar da za a maimaita. Ki nemi a duba tayirod ɗinta in ba a duba ba, domin ita ma tana cikin cututtukan garkuwa da ke yawan rakiyar siliyak, a kuma duba ƙarfen jininta. 'Yan uwanta na ciki ɗaya, da ke da mahaifinta, ya kamata a gwada ku don siliyak ko da babu mai ƙorafi, tunda biyar zuwa goma cikin ɗari na dangi na kusa suna da ita ba su sani ba. Gwajin tTG ba ya nuna gaskiya sai mutum yana cin alkama, don haka idan gidan gaba ɗaya ya bar ta saboda yarinyar, ki faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsu.